Waya ta Biyar

Motar Malam Haladu ta yi shekara huɗu ba ta fita ƙofar gida ba. Tana nan tsakar gidansa a Agiye, ƙarƙashin itacen bedi, fentinta fari ya koma kalar toka, kaji na fakewa ƙarƙashinta da rana. Amma kowace safiya, in tsohon ya gama shan kununsa, sai ya zaro lakile, makullin motar, daga aljihu, ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya tada ta. Yakan bar injin ya yi ta gunji kamar minti goma, hannuwansa bisa sitiyari, idonsa kan bangon da ke gabansa. Sannan ya kashe ya fito, ya ce, "To, ta yi zafi." In ya yi haka, ranar nan duka lafiya lau ake wuni da shi.

Shekara talatin ya yi yana ɗaukar fasinja tsakanin Agiye da Gazawa, ran kasuwa kuma ya zarce Gangara. Shi da ƙanensa Habu suka yi sana'ar: shi ke tuƙi, Habu ke gyara. Habu ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Bayan haka ne mantuwa ta fara kama Malam Haladu, a hankali, har ta kai yana iya gama cin tuwo ya tambayi matarsa Asama'u yaushe za a kawo abinci.

Ran wata Talata cikin kaka, motar ta ƙi. Ya sa lakile a kwantak, ramin nan da ake murzawa a tada mota, sai lakilen ya yi ta juyawa bai kama komai ba. Ya murza, ya zare, ya hura masa iska, ya mayar. Haka ya yi ta yi har rana ta take. Bai taɓa abinci ba. Da la'asar aka neme shi aka rasa, sai ga wani mai kabu-kabu ya maido shi daga tasha, ya ce ya same shi yana bin direbobi yana tambayarsu ko sun ga Habu. Ran Laraba ma haka aka yi. Ran Alhamis can bakin titin Gazawa aka tsinto shi, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ɗiyarsa ta fari, Lubna, malamar lakol ce, wato makarantar boko, gidan mijinta yana bayan kasuwa, kullum in an tashi takan biyo ta gaida su. Ita ta je ta kawo Jibo makanike. Jibo bai ko kai ga buɗe ƙofar motar ba. Malam Haladu, mutumin da bai taɓa ɗaga murya ga baƙo ba, ya rarumi taɓarya yana kiran ɓarawo. Sai da Jibo ya koma zaure.

"Madam, kwantak ne ya mutu," in ji Jibo. "Daga nan ma na gani. Ba wani aiki ba ne. Amma ba ni sake shiga, kada in jawo mai wani ciwon. Ku bari in ya yi barci."

"Tun ran Talata a gindinta yake shimfiɗa tabarmarsa," in ji Lubna. "Ko kaza ta gifta sai ya farka."

Jibo ya ɗaga kafaɗa, ya ce to, shi dai bai san yadda za a yi ba.

Washegari Juma'a, Lubna ta shigo gidan ta tarar da uban zaune jikin taya. Ta gaishe shi bai amsa ba. Ta leƙa ta tagar motar don ta ga ramin lakilen da idonta, sai ta ji ya ce daga bayanta, "Habu, ka zo? Tun yaushe nike nemanka."

Ta waiwaya ta ga ko wani ya shigo. Babu kowa. Ita yake kallo, fuskarsa a sake, irin sakin da ba ta gani ba tun farkon mako. Daga bakin madafa, Inna Asama'u ta tsaya da ludayi a hannu, ta ƙifta mata ido sau biyu.

"Na zo," in ji Lubna.

"To duba ta. Lakile ba ya kamawa."

Ta haka aikin ya faɗo kanta.

Jibo ya aika aka sayo sabon kwantak da lakilensa daga Gazawa, cikin ƙaramin kwali mai rubutun Turanci. Ya ara mata tunabis, wato sukudireba, da filaya, da ƙarfen kwance noti da suke ce wa lakile dis, da wani ƙwan fitila mai wayoyi biyu a jiki. A ƙofar gida ya tsaya ya karanta mata darasin. Ya ce ta fara cire kan batir, na baƙar waya. Ta kwance zoben da ya riƙe kwantak ɗin, ta tura shi baya ya faɗo ƙasa. Ta ɗauki hoto da salula kafin ta taɓa komai. "Wayoyi huɗu za ki gani," ya ce. "Sabon ma ƙafa huɗu gare shi. Ko wace ki maida ta inda ƴar'uwarta take. Shi ke nan." Ya ce shi zai tafi Gidan Rumji ɗauko wata mota da ta mutu a hanya, in an samu matsala ta kira shi.

Da hantsi ran Asabar ta ɗaure kallabi tam, ta zura tsohuwar rigar ƙanenta Bilyaminu bisa zanenta. Uban ya dube ta sama da ƙasa.

"Ka rame," ya ce.

"Aiki ne, Ba..." Ta tsaya. Kawu Habu ba Baba yake ce masa ba. "Aiki ne, Yaya."

Kalmar ta yi mata nauyi a baki kamar ta zage shi. Shi ko a jikinsa. Ya tashi da kansa ya ɗaga murfin injin, ya tokare shi da sanda.

"Miƙo lakile."

Ta ce ai lakilen yana aljihunsa. Ya kalle ta kamar ta yi wauta.

"Lakile na ce. Da mi za ka kwance batir? Da haƙori?"

Sai ta gane ƙarfen Jibo yake nufi. Ta miƙa. Ya ɗora shi kan notin daidai, ya sassauta, ya bar mata ta ƙarasa. Ta cire baƙar wayar ta lanƙwasa gefe, ta ji daɗi a ranta, ta ce ashe abin ba wuya.

Ta shiga motar ta kwanta rigingine, kanta ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunta waje. Wurin yana warin tsohon mai da kashin ɓera. Zoben ya yi gardama, sai da ta sa filaya ta danna da hannu biyu. Kwantak ɗin ya faɗo yana lilo a kan fuskarta. Ta ɗauki hoto, har uku. Sannan ta fara kwance ƙananan notunan ɗaya bayan ɗaya, tana zuba su cikin murfin kwano. Na ƙarshen yana fita, wayoyin suka zube gaba ɗaya kan ƙirjinta.

Ta ƙirga su. Biyar.

Ta sake ƙirgawa da yatsa, yadda take sa yara su yi a aji. Biyar. Ta ɗauki tsohon kwantak ɗin: ƙafa huɗu. Ta buɗe kwalin sabon: ƙafa huɗu. Ke nan akwai ƙafar da ta ɗauki waya biyu. Ta buɗe hotunan. Duka ukun duhu ne da ƙura, wayoyin sun hau juna, an naɗe su da baƙin salatif tun daga sama har ƙasa, ba ja ba shuɗi. A na ukun ma babban yatsanta ne ya rufe rabi.

Ta juya sabon a hannunta. Kowace ƙafa da harufanta: B, ACC, IG, ST. Shekara goma sha biyu tana koya wa yara Faransanci, ba ta san kalma ɗaya da ta fara da waɗannan ba da za ta shafi mota. Tsohon kuwa lambobi ne a jikinsa, biyu sun goge, sauran 30 da 50.

Ta kira Jibo. Ba a samunsa. Ta sake kira, haka dai. Sai ta aika wa Bilyaminu saƙon murya, shi yana Agadas yana aikin walda. Ya amsa nan take, ƙarar injin yankan ƙarfe na tashi bayansa.

"Yaya, ba wuya. Jar wayar ita ce ta batir, ki sa ta a B."

"Babu ja. Duk baƙaƙe ne."

"Ki ɓare salatif ɗin."

Ta ɓare. Ƙarƙashinsa biyu ruwan ƙasa ne, ɗaya fara, ɗaya ta ƙone ba a gane kalarta, ɗaya kuma siririya ce mai igiya biyu a manne, irin wadda ake ja wa fitilar ɗaki. Ta gaya masa. A saƙon da ya biyo ya ce, "Wannan ba ta mota ba ce. Wa ya sa ta?"

Uban yana tsugune bakin ƙofa, yana kallon duk abin da take yi. Ta ɗaga siririyar wayar ta nuna masa.

"Yaya, wannan ta mece ce?"

Ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai ka sa ta, ni kake tambaya?"

Lubna ta dubi wayar da ke hannunta. Duk duniya mutum ɗaya ya san amsar, kuma ita ce aka ce shi.

"Na manta," ta ce.

"Ka manta! Kai da ka ce ko an yanka ka ba ka faɗa wa kowa." Ya sake dariya, sannan dariyar ta tsaya, ya dubi bedin. "Yau wace rana? In kasuwar Gangara ce mun makara."

"Ba yau ba ce."

"To yi sauri dai."

Ta fito ta je wurin Inna, wadda ke zaune tana tsince aya a faifai. Inna ba ta kiran sunanta, don ɗiyar fari ce.

"Ke, kin gama?"

"Inna, akwai wata waya da Kawu Habu ya ƙara. Kin san ta mece ce?"

Inna ta yi tunani. Ta ce akwai shekarar da ɓarayi suka so ɗauke motar a Gazawa, da suka dawo Habu ya wuni cikinta ya hana kowa matsowa. Ko kuwa lokacin da ya sa fanka ne? Ya taɓa sa wata ƴar fanka don fasinjan gaba. A'a, fankar a tsohuwar motar ce, shuɗiyar. Ko ita ce wannan kafin a sake mata fenti? "Ni ina na sani," ta ce a ƙarshe. "Ni dai nakan kai masu hura."

Lubna ta koma. Bilyaminu ya aiko da sabuwar dabara. Ya ce ta mayar da kan batir. Ta ɗauki ƙwan fitilar Jibo, waya ɗaya ta taɓa ƙarfen jikin mota, ɗayar ta bi wayoyin nan biyar. Wadda ta kunna ƙwan ita ce ta batir. Amma ta kula kada tsirarun kawunansu su haɗu.

Ta ware su da tsinken tsintsiya, ta mayar da batir, ta gwada. Ta farko ba komai. Ta biyu ba komai. A ta uku, wadda ta ƙone, ƙwan ya kama, rawaya, ɗan mitsitsi. Ta yi hamdala da ƙarfi.

"Yauwa," in ji uban. "Talatin ke nan."

Ta dubi tsohon kwantak ɗin, inda aka rubuta 30. Ta dube shi. Ya riga ya koma tsinkar zaren hularsa.

Yanzu, in ji Bilyaminu, ta ɗauki ta batir ɗin ta ɗan taɓa kowace da ita, ta ga me zai motsa. Ta taɓa farar. Rediyo ta fashe da wa'azi, da ƙarfin da ya sa kajin suka watse. Ta taɓa mai ruwan ƙasa ta farko: ƙananan fitilun gaban direba suka kama, masu share gilashi suka ɗaga suka ja ƙura sau ɗaya. Ta taɓa mai ruwan ƙasa ta biyu.

Motar ta zabura gaba.

Ba wanda ya ce mata ta duba giya. Motar ta yi tsalle kamar taku biyu, ta doki turmin da ke gabanta, turmin ya gangara ya ture kwaryar aya. Goshin Lubna ya bugi ƙarfen sitiyari. Inna ta saki salati. Ita kuwa ta saki wayoyin ta fito da rarrafe, abin da ke ranta ɗaya: ina ƙafar Baba take? Yana nan tsaye, lafiya, ya ja baya kamar wanda ya san za a yi haka.

"Sau nawa zan gaya maka," ya ce, ba faɗa a muryarsa, "ka hidda giya tukuna."

Ta zauna ƙasa, ta dafe goshi. Inna ta kawo mata ruwa a moɗa, ta sunkuya ta ce a hankali, "Ke, bar shi haka nan. Kada ki kashe mana kanki."

Lubna ta sha. Ta dubi uban. Ya zura hannu ya mayar da giyar tsakiya, ya girgiza ta hagu da dama, ya tsaya yana jiranta. In ta bari yanzu, gobe ina za a tsinto shi? Ta koma ciki.

Saura siririyar. Ta taɓa ta da ta batir. Ba abin da ya kama, ba abin da ya yi ƙara. Ta sake taɓawa, ta kasa kunne. Shiru. Ta bi ta da yatsa: ta gangara bayan feda, ta shige ƙarƙashin ledar ƙasa, ledar kuma an manne ta da gam tun wani zamani. Ta ja, ta ƙi ɗaguwa.

Bilyaminu ya ce ta rabu da ita, wataƙila ta wani abu ce da aka cire tuntuni. Ta batir a B, ta tsallen a ST, ta fitilu a IG, ta rediyo a ACC. Ta sake cire kan batir, ta ɗaure su haka, noti ɗaya ya faɗi ya ɓace sai da ta yi ta lalube. Ta naɗe kan siririyar da salatif, ta mayar da batir. Ta sa sabon lakile ta murza.

Injin ya juya. Ya yi ta juyawa, gur-gur-gur, bai kama ba. Ta saki, ta jira, ta sake. Haka dai.

"Akwai mai?" in ji Bilyaminu.

Akwai. Ita da kanta ta zuba kwalba biyu ran Litinin.

"To ki haɗa siririyar da ta fitilu, a IG."

Ta haɗa. Injin ya juya bai kama ba.

"To maida ta ACC."

Ta maida. Rediyo ta yi magana, injin bai kama ba.

Aka kira azahar. Ta wanke hannu da omo har sau uku baƙin bai fita ba, ta yi salla. Uban ya ƙi tashi daga wurin, sai nan Inna ta kawo masa buta. Da ta dawo ta tarar fuskarsa ta fara canzawa. Yana dube-dube, yana shafa aljihu.

"Ina lakilena?"

"Ga shi, Yaya. Sabo ne."

"Wannan ba nawa ba ne." Ya ƙura mata ido. "Kai wane ne?"

Ba ta san wace amsa za ta fi ba. In ta ce Lubna, mene ne Lubna ke yi cikin motarsa da wayoyi a zube? In ta ce Habu, ga shi yana kallonta da idon da ya kalli Jibo.

"Ni ne," ta ce kawai.

Ya yi ta kallonta. Sannan ya sauke ido kan hannunta, kan baƙin man da ya maƙale a faratanta.

"Ka daɗe," ya ce. "Da can ba ka daɗewa haka."

Jibo ya kira a lokacin, muryarsa na yankewa. Ta yi masa bayani da sauri. Ta ji ya ce "biyar?", ta ji ya ce wani abu game da wuta ba ta kaiwa, ta ji "batir", sannan layin ya mutu. Ta tsaya da salula a hannu. Ya ce ta sa ta a ta batir ne, ko ya ce batir zai mutu in ta ci gaba da murzawa? Ta kira, ba a samunsa. In ban da ta tsallen, ƙafa ɗaya ce dai ta rage da ba ta gwada ba. Ta kwance, ta haɗa siririyar da ta batir a B, ta ɗaure. Wuyanta ya ƙage, gumi na shiga mata ido.

Ta murza. Injin ya juya, a gajiye yanzu, bai kama ba.

Ta fito ta jingina da ƙofa. Ba ta da sauran dabara. Bilyaminu ya aiko saƙo uku ba ta buɗe ba.

"Matsa," in ji uban.

Ya karɓi sabon lakilen daga hannunta, ya juya shi, ya ɗan taɓe baki. Ya zauna a kujerarsa, ya gyara riga, ya taɓa madubi. Sai ya sunkuya, hannunsa na hagu ya gangara gefen kujera, can ƙasa wajen da ledar ta haɗu da ƙarfe. Ta ji wani ɗan ƙaramin sauti, ƙas. Ya miƙe, ya yi bisimilla, ya murza.

Motar ta tashi.

Hayaƙi ya turnuƙe bayan gida, awaki suka ja igiya. Inna ta miƙe tsaye tana tafa hannu. Lubna kuwa idonta na kan hannunsa na hagu. Sau nawa ta ga wannan sunkuyon? Tun tana ƴar lakol, in zai sauke ta a hanya. Ita duk zatonta takalminsa yake gyarawa. Ta durƙusa ta leƙa. Wani ɗan maɓalli ne, irin na fitilar ɗaki, an ɓoye shi cikin tsagar leda, ya yi baƙi da dattin hannu. Can siririyar wayar take zuwa. Kawu Habu ya yi shi don ɓarayi: in ba a danna shi ba, ko an murza lakile wuta ba ta kaiwa inji.

Uban ya ɗora hannuwa bisa sitiyari, ya kafa wa bango ido. Ta tsaya gefensa har mintunansa suka cika. Ya murza lakile baya, ya zare shi.

Injin ya ci gaba da gunji.

Ya dubi lakilen a tafinsa. Ya dubi ramin. Ya mayar, ya murza gaba, ya murza baya, ya zare. Fitilun gabansa sun mutu, rediyo ta yi shiru, amma motar tana nan tana aiki abinta.

"Habu, mi ka yi mata?"

"Ban sani ba."

"Ba ta mutuwa."

"Na gani."

Inna ta matso. "Ku kashe ta mana, hayaƙi ya cika ɗaki."

"Inna, ai ga lakilen a hannunsa."

"To mi ke tuƙa ta?"

Lubna ta zagaya gaban motar ta tsaya kan injin, yana karkarwa, fankarsa na juyawa. Ta cire kan batir? Bilyaminu ya taɓa cewa ba a yin haka mota na aiki, ko kuwa cewa ya yi haka ake yi? Ta buɗe saƙonninsa. Na farko yana cewa kada ta kuskura ta sa siririyar a B. Na biyu yana tambaya ko ta ji na farko. Na uku gaisuwa ce ga Inna.

Ta dawo bakin ƙofa da gudu. Uban ya fara huci, yana buga sitiyari da tafin hannu. Sai ta kama hannunsa na hagu, abin da ba ta taɓa yi ba tun girmanta, ta ja shi ƙasa zuwa gefen kujera. Yatsunsa suka sami wurin da kansu. Ƙas. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Gidan ya yi tsit. Can wata tunkiya ta yi kuka.

Malam Haladu ya fito, ya rufe ƙofa, ya sa sabon lakilen a aljihu. "To, ta yi zafi," ya ce. Ya nufi tabarmarsa, ya naɗe ta da kansa, ya maida ta inuwar ɗaki inda take a da. Ya ce wa Inna yunwa yake ji.

Da yamma Jibo ya dawo, suka tsaya a zaure. Ya ce ai shi cewa ya yi ta bar murzawa kada batir ya mutu. Siririyar a IG ya kamata ta zauna, can da ta fara sa ta. Da an danna maɓallin a lokacin da tuni an gama. Amma tunda tsohon yana kashe maɓallin kullum, ta bar ta inda take, kada a sake tada masa hankali. Bilyaminu kuma ya ce sam, ta maida ta gobe-gobe, ran da Baba ya manta da maɓallin wani abu zai ƙone. Ta gaya wa kowannensu abin da ɗayan ya ce, kowanne ya ce ɗayan bai gane ba. Ta ce za ta yi tunani.

Ta koma ciki ta tattara kayan Jibo. Kwantak ɗin ma ba ta gama ɗaure zobensa ba, yana ɗan motsi. Tana tsugune tana matse shi da filaya, uban ya zo ya tsaya kanta, yana suɗe yatsa.

"Habu."

"Na'am, Yaya."

"Yarinyar nan tawa, Lubna. Mushen lakol, malaminsu, ya tare ni a tasha, ya ce kanta na ja ƙwarai. Ya ce in an bar ta za ta yi nisa." Ya goge yatsan a riga. "Dangin uwarta na ta magana a hidda ta daga lakol. Ni ban yarda ba. In wani abu ya same ni a hanya, kai ka tsaya mata. Ka ji?"

Filayar ta tsaya a hannunta. Ba ta taɓa jin wannan zancen ba, ba daga gare shi ba, ba daga Inna ba. Ta waiga wajen madafa. Inna ta juya baya tana kwashe tuwo, ba a gane ko ta ji.

"Na ji," in ji Lubna.

"Ina take ma? Yau ban gan ta ba."

Ta dubi hannuwanta, ta dubi rigar Bilyaminu da ke jikinta.

"Tana nan tahe," ta ce.

"To. In ta zo ka ce ta ci abinci." Ya juya ya tafi.

Ta gama matse zoben. Ta cire rigar a bayan motar, ta ninke ta, ta gyara kallabinta. Ta ɗan tsaya a wurin, sannan ta zagaya ta zaure, ta yi sallama ta shigo.